Masu Idon Daji: Gwanintar Kallon Namun Dawa a Arewa da Kure

Mutum biyu kan bi hanya ɗaya daga Dogon Dutsi zuwa Matankari, su tashi tare su isa tare, amma kowa da abin da ya gani. Ka tambayi na farko, zai ce maka ya ga gonaki da rairayi da itatuwa. Ka tambayi na biyu, zai ce dila ya ratsa hanyar kafin asuba yana sauri, zabin daji sun kwana kan gawon da ke bakin kwari, damo ya fito shan rana ya ji motsi ya koma raminsa, kuma akwai zomo kwance a gindin sabarar da suka gifta. Ƙarfin idonsu ɗaya ne. Ilimi ne ya raba su, irin wanda ake karantawa a rairayi da ganye da iska.

Maharba da makiyaya da tsofaffin manoman ƙasar Arewa ta Nijar sun daɗe da wannan ilimi har ya zame musu jiki, ba su ma ɗauke shi wani abin a zo a gani ba. A ganina kuwa yana cikin manyan gwanintar da ke hannunmu, yana kuma cikin waɗanda suka fi saurin sulalewa. Kafin mu shiga cikinsa, yana da kyau mu ga irin dukiyar da mutanen duniya ke kashewa don su ɗan ɗanɗana shi.

Inda ake biyan kuɗi don kallo

A Tekun Fasifik, kimanin kilomita 1,000 yamma da gaɓar ƙasar Ekwado, akwai tsibiran Galapagos. Aman wuta ne ya samar da su: narkakken dutse ya yi ta tumbatsa daga ƙarƙashin teku yana daskarewa har ya zama ƙasa, kuma har gobe wasu duwatsun can suna amai. Saboda nisan tsibiran, halittun da suka isa can sun yi zamani mai tsawo ba su san mutum ba. Akwai kunkuru mai nauyin fiye da kilo 200 wanda kan haura shekara 100 a duniya. Akwai wani ɗan'uwan damo da ke nitso cikin teku yana kiwon gansakuka. Akwai tsuntsaye masu shuɗin ƙafa da ke saka ƙwai a ƙasa, a bakin turbar mutane. Masanin halittu ɗan Ingila, Charles Darwin, ya sauka can a 1835, kuma abin da ya lura da shi ya sa sunan tsibiran ya game duniya. An mai da su gandun ƙasa a 1959, hukumar UNESCO ta sa su cikin jerin wuraren gadon duniya a 1978.

A yau mutane kan taso daga Turai da Amurka da Asiya, su shiga jirgin ruwa su yi mako guda ko fiye suna zagaya tsibiran. Jirgi na tafiya da dare, da safe a sauke su a ƙananan jiragen roba zuwa gaɓa. A 2019 baƙin da suka je sun haura 270,000. Tun 2024, kuɗin shiga gandun kaɗai dala 200 ne ga babban mutum ɗan ƙasar waje, ban da kuɗin jirgi da masauki.

Dokokin wurin na da tsauri. Ba mai taka wuraren da aka killace sai tare da ɗan jagora mai lasisi, shi kuma ba ya jan fiye da mutum 16. Sai an bar tazarar mita 2 tsakanin mutum da dabba. Ba a taɓawa, ba a ciyarwa, ba a ɗauke ko tsakuwa, ba a kauce wa turbar da aka shata. Akan tsabtace takalma kafin a sauka wani tsibirin, don kada ƙwayar ciyawa ta bi ƙafa ta shiga inda ba gidanta ba. Duk tsadar jirgin da kayan alatunsa, abin da baƙo ya biya wa kuɗi a zahiri shi ne idon ɗan jagoran nan da saninsa: inda za a tsaya, lokacin da za a je, da ma'anar abin da dabbar ke yi.

Sai dai dabbar Galapagos ba ta gudun mutum. Tamu ta san kibiya da tarko da kare da bindiga tun kaka da kakanni. Wanda ya iya ganin naman daji a Arewa ba tare da ya firgita shi ba, aikinsa ya fi na can wuya nesa ba kusa ba.

Karatun sawu

Gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri suna kan Dallol Mawri, tsohon kwarin kogi da ya ƙafe tun zamanin da, wanda ya miƙe daga arewa ya yi kudu ta Matankari da Dogon Dutsi da Tibiri da Gecheme har ya nufi Kogin Isa wajejen Gaya. Cikin kwarin rairayi ne da gonakin hatsi da wake, ruwa kusa, gawo da gawasa da goriba a warwatse, tabkuna na cika da damina. A gefensa kuma tuddai ne na jan dutse da marmara, inda geza da sabara da anza ke yin kurmi-kurmi tsakanin fako. Gwani ya san waɗannan wurare biyu kowanne da namansa da lokacinsa, kuma ya san rairayin kwari ya fi riƙe labari, fako kuwa rowa gare shi.

Karatun farko shi ne sanin mai sawun. Dangin kare duk suna barin alamar farce, dangin kyanwa kuwa suna ɓoye nasu in suna tafiya, don haka sawun muzurun daji ba farce a gabansa. Sawun dila ya fi na karen gida tsukewa, kuma dila kan miƙe sak zuwa inda ya nufa, kare kuwa sai ya karkata nan ya shinshina can. Ƙafar kura ta gaba ta fi ta baya girma. Zomo in yana tsalle, ƙafafunsa na baya kan sauka gaban na gaba. Damo da guza suna barin layin jan wutsiya a tsakiyar sawunsu. Kofaton barewa siriri ne mai tsini, na akuya ya fi shi faɗi da dakushewa. In dabba na gudu, kofaton kan buɗe ya nutse, tazarar taku ta ƙaru, rairayi ya watsu baya. In kiwo take yi, sawun kan yi ta kewaye gindin itace.

Karatu na biyu ya fi zurfi, shi ne sanin yaushe aka taka. Sabon sawu bakinsa da kaifi, cikinsa ya ɗan fi kewayensa duhu saboda danshin ƙasar da aka tono. Da rana ta ɗaga sai bakin ya fara zubewa. Sawun da raɓa ta sauka a kansa na dare ne, wanda ya fasa raɓa na safiya ne. In tururuwa ko buzuzu sun ratsa ta cikinsa, ko ɓeran daji ya taka shi, to ya kwana. Da hunturu iska kan cike sawu cikin ɗan lokaci, saboda haka gwani yakan tuna yaushe iskar ta tashi jiya, yaushe ta kwanta. Yakan duba kashin dabba ya murza shi ya ji danshinsa. Yakan duba reshen da aka gutsura: in ruwan itacen bai bushe ba, mai cin bai yi nisa ba. Kuma yana bin sawu ne da sassafe ko da la'asar, sa'ad da rana ke kwance tana jefa inuwa cikin kowane ɗan rami. Da tsakar rana ƙasa kan yi fari fat, sawu ya ɓace wa ido.

Mai koyo yakan sunkuyar da kai yana neman taku ɗaya bayan ɗaya. Gwani kuwa idonsa na can gaba. Ya san inda ruwa yake, ya san itacen da ke 'ya'ya a wannan watan, ya san inda inuwa take da azahar, don haka ya riga ya san inda dabbar ta dosa. Sawun tabbatar masa kawai yake yi. A kan wannan sani ne garuruwa ke dogara har yau in an kore wa mutum shanu da dare, a kira masu bin sawu.

Iska, rana da burtu

Samun dabba rabin aiki ne, sauran rabin shi ne kusantarta. Hancin naman daji ya fi idonsa aiki a wurare da dama, don haka gwani kan ɗebi ƙura ko toka ya saki ya ga inda iska ta nufa, sannan ya zagaya ta yadda za ta buso daga dabbar zuwa gare shi. Yakan sa rana a bayansa, shi yana gani sarai, ita kuma haske na kashe mata ido. Ba ya sa fararen kaya ko masu ƙyalli, ba ya shafa turare, ba ya hawa kan tudu ya tsaya inda sararin sama zai fito da siffarsa. Yana motsi ne sa'ad da dabbar ta sunkuya tana ci, ta ɗago kai ya daskare a yadda yake, ko da ƙafa ɗaya na sama. Yana kuma sauraron tsuntsaye, domin su ne 'yan rahoton daji. Zakaran ƙeƙuwa in ya tashi yana kururuwa a bakin tabki, ko fakara ta fashe da gudu, duk dajin ya ji akwai baƙo.

Ƙololuwar wannan gwaninta ita ce dabarar burtu, wadda maharban ƙasar Hausa suka shahara da ita. Burtu babban tsuntsu ne baƙi da ke yawo a ƙasa yana tsintar ƙwari da ƙadangaru, namun daji sun saba da shi ba sa gudunsa. Maharbi kan sami kan burtu ko ya sassaƙa irinsa da itace, da dogon wuya, ya ɗaura a goshi, ya rufa da baƙin zane, ya duƙa yana tafiya yana sunkuyar da kai kamar mai tsattsaga. Kan da ya ɗaura ba ya isa shi kaɗai. Sai wanda ya zauna ya kalli burtu kwana da kwanaki, ya haddace takunsa da tsayuwarsa da yadda yake karkata kai, shi zai iya ruɗin barewa. Ashe kafin maharbi ya zama maharbi sai ya fara zama mai kallo, kuma yawancin iliminsa na kallo ne. Harbi ɗan ƙarshen aikin ne kawai. In aka ajiye baka aka ɗauki madubin hangen nesa da littafi, duk sauran ilimin na nan da amfaninsa.

'Yan jagorar Kure

Wurin da aka fi ganin wannan juyi a Nijar yana kan babbar hanyar da duk ɗan Dogon Dutsi mai zuwa Yamai ke bi. Bayan Doso da Birnin Gawre, kimanin kilomita 60 kafin Yamai, akwai garin Kure. A kewayensa raƙuman dawa na Afirka ta Yamma na ƙarshe ke zaune. A da irinsu sun bazu tun daga Senegal har Tabkin Cadi. Farauta da saran daji da farin shekarun 1970 da 1980 suka cinye su, har a 1996 aka ƙirga 49 kacal suka rage a duniya. Dokar farauta da kare namun daji ta 1998 ta ba su cikakkiyar kariya. Jami'an gandun daji, da ƙungiyar ASGN mai kare raƙuman dawa, da ƙungiyar 'yan jagora ta AVEN, da mutanen ƙauyukan da kansu, suka tsaya a kansu. Zuwa 2017 sun haura 600, kuma a 2018 hukumar IUCN ta sauko da su daga rukunin masu fuskantar ƙarewa zuwa rukunin da ke ƙasa da shi.

Abin mamakin shi ne ba a cikin shinge suke ba. Tsakanin gonaki da rijiyoyi da garken shanu suke yawo. Da damina suna hawa tudun Kure da Fakara, inda geza da danginta ke tohuwa. Da rani suna gangarowa Dallol Boso, wajejen Harikanasu a gundumar Boboye ta jihar Doso, saboda gawo, itacen da ke zubar da ganye da damina ya yi kore shar da rani. Da yawansu ya ƙaru sun faɗaɗa yawo zuwa Fandu da Dingazi, har gundumar Loga, maƙwabciyar Dogon Dutsi ta yamma. Nemo garke a irin wannan fili mai faɗi shi ne aikin ɗan jagora.

Yakan fara da tambaya. Manomi da makiyayi da mai ɗiban itace duk abokan aikinsa ne, a gaisa, a tambayi gida da gona, sannan a tambayi inda aka ga dogayen jiya da yamma. Daga nan sai ƙasa. Raƙumin gida tafin ƙafarsa mai laushi ne, na dawa kuwa kofato gare shi rababbe irin na saniya, amma ya fi nata girma sosai. Kashinsa ƙwaya-ƙwaya ne, ya fi na akuya girma, kuma a warwatse ake samunsa domin daga sama yake faɗowa. Itacen da ya ci ana ganin an aske shi a tsayin da raƙumin gida ba ya kaiwa. In fili ya buɗe, ɗan jagora kan hau kan mota ko kan itace ya leƙa. Dabbar da namijinta kan haura mita 5 tana iya ɓacewa cikin gawo, domin zanen jikinta na sajewa da hasken da ke ratsa ganye. Baƙo na neman raƙumi sukutum, ɗan jagora kuwa yana neman kunne ɗaya da ya motsa, ko wani reshe miƙaƙƙe da bai yi kama da reshe ba.

Kusantar raƙumin dawa ta saba wa ta barewa. Ba a yi masa sanɗa, domin daga tsayinsa ya riga ya gan ka tun kana nesa, kuma mai laɓe-laɓe shi ya fi tsorata shi. Ana tafiya a fili, a hankali, a karkace kamar za a wuce shi, ba a nufe shi kai tsaye ba, murya ƙasa-ƙasa. Ɗan jagora na karanta jikinsa. Muddin yana ci ko yana tuƙa, hankalinsa kwance yake. Ya daina tauna, ya miƙe wuya, ya kafe ka da ido, kunnuwa gaba, to iyakarka ke nan, sai a tsaya. In ya yi huci ya juya, an wuce gona da iri. Uwa mai jariri ana ba ta tazara fiye da kowa, bayan ta yi kusan wata 15 da ciki ta haifi ɗan da tsayinsa ya kusa mita 2, ba ta wasa da shi, kuma harbin ƙafarta na iya kashe zaki. Gwanin ɗan jagora shi ne wanda baƙinsa suka ƙoshi da kallo suka tafi, garken na nan yana kiwonsa kamar ba a zo ba.

Sannan sai sanin kowane da kansa. Namiji ana gane shi da kaurin ƙahoninsa da sanƙon da ke samansu saboda gwabza wuya da 'yan'uwansa, na mace kuwa sirara ne da tukkun gashi. Namiji kan miƙe wuya ya ci daga can sama, mace ta fi sunkuyar da kai kan gajerun itatuwa. Zanen jikin kowane ɗaya daban yake, kuma ba ya sakewa daga haihuwa har mutuwa. Yadda Bafulatani ke sanin kowace saniya a garkensa da launinta da ƙahonta da uwarta, haka ɗan jagorar Kure ke duban wuya ko kafaɗa ya ce wannan ce wance, ga ɗanta na bara. A kan wannan aka gina ƙidayar da ake yi da damina, lokacin da suke taruwa a tudu: a ɗauki hoton kowane ta dama da ta hagu, tunda zanen ɓangarorin biyu ba ɗaya ba ne, a ba shi lamba, a rubuta jinsinsa da rukunin shekarunsa, a gwada da kundin bara. Ta haka ake sanin wanda aka haifa da wanda ya ɓace. An ɗaura wa wasu ƙananan na'urori masu aiki da hasken rana a ƙaho don bin yawonsu ta tauraron ɗan'adam, amma na'ura ba ta faɗin cewa wannan na ɗingishi, ko waccan ta kusa haihuwa, ko garken ya shiga gonar wake mai gona na fushi. Wannan sai mai ido, kuma sau da yawa shi ne ke zuwa ya zauna da mai gonar a sasanta.

Wannan sani ya yi rana a 2018, sa'ad da gwamnatin Nijar da ƙungiyoyin GCF da Sahara Conservation Fund suka zaɓi raƙuma 8 suka kai su gandun Gadabeji a jihar Maradi, tafiyar fiye da kilomita 800, wurin da ya yi kusan shekara 50 rabonsa da su. An ƙara 4 a 2022, kuma sun fara haihuwa a can, samarin yankin na bibiyarsu.

Aikin ya ci rai. Ranar 9 ga Agusta 2020 'yan bindiga suka kashe mutum 8 a dajin Kure: Faransawa 6 ma'aikatan agaji na ƙungiyar ACTED, da direbansu ɗan Nijar, da Kadri Abdou, shugaban 'yan jagorar raƙuman dawa. Allah ya jiƙansa. Tun daga ranar baƙin waje suka ɗauke ƙafa, abincin 'yan jagora ya ragu ƙwarai, amma raƙuman na nan, bukatar masu saninsu ma na nan.

Tsuntsayen tabki da na gari

Ba sai an je Kure ba. Mafi yawan abin kallon Arewa a yau fuka-fukai gare shi, kuma an tabbatar da ganin tsuntsaye fiye da iri 500 a Nijar. Kowane manomi ya san shamuwa, baƙa mai farin ciki, wadda ke isowa gab da faɗuwar damina ta yi sheƙa a itatuwan cikin gari, ba mai taɓa ta. Tana cin fara a gonaki, in kaka ta yi ta kama hanya zuwa gabashi da kudancin Afirka. Tsohon da ke lura da ranar isowarta kowace shekara yana aikin da masana ke yi da littafi. Da ɗari kuma tabkunan dallol kan karɓi baƙi daga Turai da Rasha, agwagin ruwa da ƙananan tsuntsayen bakin taɓo da suka ƙetare hamada, su tarar da 'yan gida: kirinjijiya mai fito, dinya, zalɓe, balbela. Saboda irin wannan arzikin aka sa Dallol Mawri da Dallol Boso cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2004.

Gwanin tsuntsaye ba ya jiran ya ga launi. Yana ganewa daga siffa da tashi da kuka: zalɓe na lanƙwashe wuya in ya tashi, shamuwa na miƙe nata. Yana zuwa bakin tabki tun kafin rana ta fito, ya zauna a gindin itace, ya bar tsuntsayen su manta da shi. Ƙirgarsu ma da dabara. Ba a iya bin dubu ɗaya bayan ɗaya, sai a ƙirga goma sosai, a riƙe girman wurin da suka cika a ido, a yi ta auna garken da shi goma-goma, in sun yi yawa a koma ɗari-ɗari. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Da wannan dabarar ake ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya kowane watan Janairu, wadda aka fara tun 1967.

Amfanin kallo irin wannan shi ne yana gano ɓarna tun kafin ta gama. Ungulu da ke cika mahauta da bakin kasuwa a da, yanzu sai a yi kwanaki ba a ga ɗaya ba, kuma tun 2015 tana cikin rukunin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. Gauraka ta yi wuyar gani a fadamun da take rawa a da. Barewa ta ja baya zuwa lungunan da ba kowa ke kaiwa ba. Masu lura ne suka fara faɗin haka, tun kafin a rubuta shi a wani rahoto.

Kada ya tafi da masu shi

Dajin na raguwa, gonaki na cin tudu, gatari na cin geza, tsofaffin da suka san sunan kowane tsuntsu da kowane sawu suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, yaran kuma idonsu na kan waya. Ga shi kuwa wannan ilimi ba ya bukatar jirgin ruwa ko dala. Haƙuri yake so, da shiru, da tashin asuba, da malami. Yana gyara tarbiyya, domin yaron da ya iya zama sa'a guda yana kallon sheƙar shamuwa ba zai ɗauki danƙo ya harbe ta ba. Yana kuma ƙara imani, domin duban halitta da tunani a kanta abu ne da addini ya kwaɗaitar da mu.

Saboda haka ina kira ga malaman makarantun Dogon Dutsi da Tibiri da Kore Mai Ruwa da Dankasari da sauran garuruwan Arewa, su riƙa fita da ɗalibai bakin tabki ko gindin dutse, su gayyaci tsohon maharbi ko makiyayi ya zama malamin ranar, a rubuta sunayen da ya faɗa da Hausa kafin su ɓace. Ina kira ga sarakuna da magadan gari da jami'an gandun daji su jawo maharba cikin aikin tsaro da ƙidaya, a biya su haƙƙin saninsu. 'Yan ƙasa masu hali, duk lokacin da hukuma ta tabbatar da tsaron hanya, su kai iyalansu Kure su ɗauki ɗan jagora su biya shi da kyau, kada a bar wannan sana'a tana jiran baƙon waje. Kai kuma mai karatu, in akwai dattijo a gidanku ko unguwarku da ya san daji, ka bi shi fita tun yana da ƙarfin tafiya, ka tafi da ɗanka, ka kuma riƙe littafi da alƙalami.